Titi Ɗaya, Makaranta Biyu

Kowace iyaka da mutane suka sani tana da alamarta. Iyakar gona a kan shuka mata gamba, ko a bar wata tsohuwar itaciya ta zama shaida. Iyakar birni ganuwa ce. Iyakar ƙasar hakimi kuwa kogi ne, ko dutse, ko turken da aka kafa a gaban dattawa. Amma akwai wata iyaka a ƙasar Amurka wadda ba ta da gamba, ba ta da turke, mutum ya iya ƙetare ta sau goma a yini bai san ya ƙetare kome ba. A kan takarda kaɗai ta ke, cikin taswirar da ke rataye a ofishin makarantu. Duk da haka ita ke yanke wa yaro makarantar da zai shiga, da malaman da za su koya masa, da abokan da zai tashi da su, har ma ta kan ƙara wa gida daraja ko ta rage masa.

Ga wani magidanci, ma'aikacin asibiti, yana zaune a gidan haya a wata unguwa ta wajen wani babban birni. 'Ya'yansa biyu, babban ya kai shekara 13, baɗi zai shiga sakandare. Shekara da shekaru mutumin nan da matarsa suna ƙulla abin da suka samu don su mallaki gida nasu na kansu. Ran nan dillali ya kai su wani titi mai inuwa, ya nuna musu gida biyu suna kallon juna. Magini ɗaya ya gina su, ɗakunansu ɗaya, filinsu ɗaya, har fentin ma kusan ɗaya. Da aka zo maganar kuɗi, sai ga na hannun dama ya ɗara na hagu da abin da zai ci albashin mutumin na watanni masu yawa. Ya tambayi dalili. Dillali ya yi murmushi, ya nuna tsakiyar titi, ya ce, "Iyaka ta nan ta bi. Yaran wannan gefe makarantar arewa su ke zuwa, na wancan gefe kuwa ta kudu."

Kafin a bi mutumin nan zuwa gida, ya kamata mai karatu ya san yadda sha'anin makarantun gwamnati ya ke a can. Karatu kyauta ne tun daga firamare har ƙarshen sakandare, sakandaren kuwa shekara 4 ce, yara kan shiga suna da shekara kamar 14, su fita suna da 18. Gwamnatin tarayya da ke Washinton ba ita ke riƙe da makarantun ba. An rarraba ƙasar gunduma gunduma, gundumomin makarantu wajen 13,000, kowace da majalisarta, wadda galibi mutanen wurin ke zaɓa, da ofishinta, da baitulmalinta. Iyakar kuwa iri biyu ce. Ta fari ita ce wadda ta raba gunduma da gunduma, watau ta raba baitulmali da baitulmali. Ta biyu tana cikin gunduma ɗaya, ita ce ke cewa titi kaza da titi kaza na makaranta kaza ne. Ran da uba ya kai ɗansa rajista, abin da akawu zai fara nema shi ne shaidar mazauni, takardar haya, ko ta mallakar gida, ko ta kuɗin lantarki mai ɗauke da sunan uban da lambar gidansa.

Kuɗin riƙon makarantun, kusan rabinsa daga cikin gundumar ya ke fitowa, yawancinsa harajin gidaje da filaye. Kusan rabi kuma daga jiha, na tarayya bai cika wuce kashi ɗaya cikin goma ba. Wanda ya san yadda dā baitulmalin En'e ke riƙe da makarantun elementare a Nijeriya ta Arewa ba zai sha wuyar gane wannan ba: En'en da harajinta ke da kauri ita ke da halin gina aji da ɗaukar malamai. To, haka abin ya ke a can, sai dai su gundumominsu ƙanana ne ƙwarai, har birni ɗaya ya kan sami gunduma hamsin ko fiye suna kewaye da shi kamar 'yan tsaki.

An taɓa baje wannan lissafi a gaban alƙalai. A birnin San Antoniyo ta Jihar Teksas akwai gunduma biyu, Edgewood ta talakawa, yawancinsu 'yan asalin Meksiko, da Alamo Heights ta masu hali. A shekarar karatu ta 1967 zuwa 1968 mutanen Edgewood suna biyan harajin dala 1 da santi 5 a kan kowace dala 100 ta darajar gidajensu, amma abin da ya taru bai wuce dala 26 ga kowane yaro ba. Mutanen Alamo Heights santi 85 kaɗai su ke biya, ya tara musu dala 333 ga kowane yaro. Da aka haɗa da gudummawar jiha da ta tarayya, yaron Edgewood ya tashi da dala 356, na Alamo Heights dala 594. Ka ga talaka ya fi matsa wa kansa, ya kuma fi samun kaɗan, don ba a tatsar nono mai yawa daga ramammiyar saniya. Iyayen Edgewood suka kai ƙara. A 1973 Kotun Ƙoli ta Amurka ta yanke, alƙali 5 a kan 4, cewa tsarin mulkin tarayya bai hana wannan ba. Sai a 1989 babbar kotun Teksas ta soke tsarin bisa dokar jihar, a 1993 kuma aka yi dokar da ke karɓar rarar gundumomi masu arziki a taimaki marasa shi. Jihohi da yawa sun yi irin wannan gyara, har ratar kuɗi ta ragu ƙwarai a wurare da dama. Ratar da ta ƙi raguwa ita ce ta mutanen da ke zaune a kowane gefe.

Magidancin nan bai san duk wannan tarihi ba. Shi dai ya koma gida, bayan an ci abincin dare ya share tebur, ya ja layi a tsakiyar takarda, ya rubuta arewa a dama, kudu a hagu, ya shiga gwada makarantun biyu. Akwai masu ba makarantu maki daga 1 zuwa 10, dillalai kuwa su kan liƙa makin a jikin tallan gida. Ta arewa tana can sama, ta kudu tana tsakiya. Ya duba sakamakon jarrabawar jiha, da yawan waɗanda su ke gama karatu a kan kari, da yawan masu wucewa jami'a. Ya ƙidaya darussa masu zurfi da a ke koyarwa, irin waɗanda jami'a ke karɓa, ya ga ta arewa ta fi. Daga nan ya zo kan wani layi da kowace makaranta ke bugawa, watau yawan yaran da a ke ba abincin rana kyauta ko da rangwame sabo da ƙarancin abin hannun iyayensu. A ta arewa 'yan kaɗan ne, a ta kudu kuwa sun yi kusan rabi. Sai ya lura duk sauran layukan wannan layi su ke bi, kamar yadda raƙuma ke bin na gaba.

A nan ne masu gwada makarantu su kan ruɗe. Makin jarrabawa yana nuna abin da yaro ya sani, amma ba ya faɗin inda ya koyo shi. Yaron da ya tashi a gidan likita, littattafai jibge, ga malamin da a ke biya ya zo gida da maraice, ko wace makaranta aka kai shi zai ci jarrabawa. Tun a 1966 wani masani mai suna James Coleman ya binciki yara fiye da 600,000 da umurnin gwamnati, ya tarar gidan da yaro ya fito ya fi ginin makaranta da kayan aikinta tasiri a kan karatunsa, bayan gida kuwa sai irin yaran da ya ke zama da su a aji. Sabo da haka makarantar da ta tara 'ya'yan masu hali ta kan sami yabon noman da ba ita ta yi ba. Ma'aunin da ya fi gaskiya shi ne a duba inda yaro ya ke ran da ya shigo, a kuma duba inda ya kai bayan shekara. Da aka auna haka a 2017, masanan jami'ar Stanford suka tarar yaran makarantun birnin Shikago, waɗanda yawancinsu 'ya'yan talakawa ne, daga aji 3 zuwa aji 8 sun ci karatun kamar shekara 6 cikin shekara 5, sun tsere wa gundumomi da yawa da suka fi su suna.

Gani ya kori ji, mutumin ya ɗauki hutun rana ɗaya ya ziyarci makarantun. A ta kudu ya tarar da shugaba wadda ta san yara da sunayensu, da malamin lissafi da ke zama bayan an tashi yana maimaita wa waɗanda ba su gane ba. Ya ji harsuna iri iri a farfajiya. A ta arewa ya ga ɗakin gwaje-gwaje sabo ƙal, da filin wasa kamar na sarki, ya kuma ji wata uwa tana cewa 'yarta ba ta kwanciya sai tsakar dare don tsoron kada a wuce ta. Ya dawo ya gaya wa matarsa, ya ce shi zuciyarsa ta fi kwanta wa ta kudu. Matar ta yi shiru, can ta ce, "Maigida, in mun sayi na hagu, ran da muka tashi sayarwa wa zai saya da daraja?" Maganarta kuwa tana kan hanya. A 1999 wata masaniyar tattalin arziki, Sandra Black, ta gwada gidajen da ke daf da juna a gefe biyu na iyakar makarantun firamare a unguwannin wajen Boston, ta tarar in makin makaranta ya ɗara da kashi 5 cikin 100, kuɗin gida ya kan ɗara da wajen kashi 2 da rabi. Karatun kyauta ne, amma an biya kuɗin makaranta a wurin dillali.

Ruwa ba ya tsami banza. Dalilin da ya sa masu hali suka taru a gefe ɗaya, marasa shi a gefe ɗaya, yana da tushe. A shekarun 1930 wata hukumar gwamnati ta zana taswirar birane, ta shafa jan launi a unguwannin da ta ce ba da bashin gida a cikinsu kasada ne, yawancinsu kuwa unguwannin baƙar fata ne da baƙi. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu gwamnati ta tsaya wa bankuna suka ba da bashi mai sauƙi, aka gina sababbin unguwanni a wajen birane. Levittown, kusa da Niyok, wadda aka fara a 1947, ta kai gida 17,000, an kuma rubuta a takardunta cewa farar fata kaɗai za su zauna. A Ditroit har bango aka gina a 1941, tsayinsa ƙafa 6, tsawonsa rabin mil, don a raba sabuwar unguwar farare da ta baƙaƙe, bangon yana nan tsaye har yau. Ba a hana wariya a sha'anin gidaje da dokar tarayya mai ƙarfi ba sai a 1968, bayan kowa ya riga ya kafa turakunsa.

Makarantun ma an yi shari'arsu. A 1954 Kotun Ƙoli ta haramta ware makarantun baƙaƙe da na farare. Yarinyar da shari'ar ke ɗauke da sunan ubanta, a garin Tofika ta Jihar Kansas, abin da aka nema mata shi ne ta shiga makarantar da ke kusa da gidansu. Abin mamaki, bayan shekara ashirin wannan magana ta makarantar kusa da gida ita ce ta zama garkuwar masu son a bar kome yadda ya ke. A Ditroit, wadda mutanenta suka kai wajen 1,850,000 a 1950, farare suka yi ta ƙaura zuwa waje, har yaran makarantun birnin suka zama yawancinsu baƙaƙe. A 1972 alƙali Stephen Roth ya ga ba yadda za a gauraya yara a cikin birnin kaɗai, ya yi umurni a haɗa da gunduma 53 na waje, a riƙa ɗaukar yara a mota ana ƙetare iyaka. A 1974 Kotun Ƙoli ta rushe umurnin, nan ma 5 a kan 4, ta ce ba a taɓa gundumar waje sai an tabbatar da hannunta cikin wariyar. Thurgood Marshall, lauyan da ya ci shari'ar 1954, a lokacin yana cikin alƙalan, yana kuma cikin huɗun da aka rinjaya. Tun daga ran nan iyakar gunduma ta zama ganuwa, wanda ya fita ya tsira da harajinsa. A ƙidayar 2020 mutanen Ditroit ba su wuce 640,000 ba.

Ganuwar nan kuwa tana da dogarai. A 2011 aka gurfanar da wata mata a birnin Akron ta Jihar Ohayo. Tana zaune a gidajen gwamnati na marasa hali, ta rubuta 'ya'yanta mata biyu da lambar gidan mahaifinta, wanda ke gundumar waje. Ta ce tsoron unguwarsu ya sa ta, don an taɓa fasa mata gida. Gundumar ta ɗauki mai bin sawu ya riƙa ɗaukar hotonta, aka nemi ta biya dala 30,000, ba ta biya ba. Aka ɗaure ta, ta kwana 9 a kurkuku. Ita kuwa mataimakiyar malami ce, tana karatun zama malama, hukuncin kuma zai iya toshe mata wannan hanya, sai da gwamnan jihar ya sassauta shi a watan Satumba na shekarar. Mutanen gundumar suka ce su ke biyan haraji, ba daidai ba ne wani ya ci tuwon da bai yi tanadinsa ba, ƙarya kuma a takardar hukuma laifi ce. Wannan gaskiya ne. Amma mutane da yawa a ƙasar suka kwana suna tambaya, wace irin dukiya ce karatun yara, har a ce uwa ta sace shi?

Magidanci dai ya sayi gidan hannun dama. Ya ci bashin banki na shekara 30, ya ƙara aikin dare, matarsa ta fasa sayen mota. Yaro ya shiga makarantar arewa, ya yi abokai, karatu ya yi kyau. Ba wanda zai zarge shi, kowane uba abin da zai yi ke nan in ya sami hali. Shekara biyu ba su cika ba sai ga takarda daga ofishin gunduma. An gina sababbin gidaje, makarantar arewa ta cika har ana karatu a ɗakunan katako, ta kudu kuwa da sauran wuri. Majalisa tana shawarar ta matsar da iyaka titi uku, titinsa na ciki. Mutumin da dā ya ke cewa wannan layi zalunci ne, ran nan bai runtsa ba don tsoron kada a taɓa layin.

Irin wannan ya faru a fili a gundumar Howard ta Jihar Merilan, tsakanin Baltimo da Washinton, wadda ke cikin gundumomi mafiya arziki a ƙasar. A cikinta garin Kolumbiya ya ke, wanda aka buɗe a 1967 musamman don baƙi da fari, mai shi da marashi, su zauna tare. Duk da haka a 2019 masu cin abincin rangwame a sakandaren River Hill ba su kai kashi 5 cikin 100 ba, a ta Wilde Lake kuwa, 'yan mil kaɗan tsakani, sun haura kashi 40. A watan Agusta shugaban makarantun ya kawo shawarar a sauya wa yara wajen 7,400 makaranta, don a rage cunkoso a kuma daidaita wannan rata. Gari ya ɗauka. Iyaye suka fito da alluna, suka cika zauren majalisa dare bayan dare. Waɗansu suka ce tafiyar mota za ta yi wa yara tsawo, waɗansu suka ce za a raba su da abokansu, waɗansu kuma suka faɗi abin da ke ran da yawa, watau darajar gida. A watan Nuwamba majalisa ta amince da sauya wa wajen 5,400. Ba wanda ya sami duk abin da ya so.

An gwada waɗansu dabaru a wurare dabam dabam. Tun 1966 akwai shirin da ke ɗaukar yaran birnin Boston zuwa makarantun waje, wajen yara 3,000 a shekara, masu jira kuwa sun fi wuraren yawa. A 1975 aka haɗe makarantun birnin Luwisbil da na kewayensa suka zama gunduma ɗaya, sabo da haka ƙaura zuwa waje ba ta fid da mutum daga cikinta. A 1988 Jihar Minesota ta yi doka yaro ya iya neman shiga makarantar wata gunduma in akwai wuri. Kowace dabara da cikas ɗinta. Buɗe ƙofa ya fi amfanar uban da ke da mota da lokacin kai yaro, doguwar tafiya kuwa yaro ke shan ta da asuba cikin sanyi. Amma sun nuna abu guda, cewa layin nan hannu ya ja shi, hannu kuma ya iya gyara shi.

Daren da majalisa ta zauna, magidancin ya sa rigarsa mai kyau, ya rubuta sunansa cikin masu magana, aka ce kowa minti 3. A aljihunsa akwai takardar da ya shirya, ya jera hujjojinsa a kan nisa da cunkoson hanya. Yana zaune yana jira sai aka kira maƙwabciyarsa ta tsallaken titi, mai gidan hagun nan da ya ƙi saya, wadda su kan gaisa kowace safiya wajen fitar da shara. Ta tashi ta ce ɗanta a makarantar kudu ya ke, yana kuwa karatu ƙwarai. Ta ce tun da aka fara zaman nan ta ke jin ana ambaton makarantar ɗanta kamar wani gidan kaso da za a tura yara, tana so a gaya mata laifin da yaran can suka yi. Zaure ya yi tsit.

So duka so ne, amma son kai ya fi, ba kuwa abin kunya ba ne uba ya so ɗansa. Sai dai uba ɗaya ɗansa kaɗai ya ke gani, shi ya sa ba a bar alƙalamin a hannunsa ba, aka ba majalisa, wadda aka ɗora wa yaran gefe biyu duka. In majalisar ta ja layi don ta faranta wa masu ƙarfin murya, to, ta zama dillali ke nan, ta bar aikinta. Aka kira sunan mutumin. Ya miƙe, ya zaro takardarsa, ya dube ta, ya dubi maƙwabciyarsa. Ya faɗi maganar nisa da ta hanya kamar yadda ya rubuta, don gaskiya ce. Sa'an nan ya ƙara abin da bai rubuta ba, ya ce ya taɓa shiga makarantar kudu, ya ga malamin lissafi yana koyarwa bayan an tashi, in an mai da ɗansa can ba zai ce an cuce shi ba. Waɗansu maƙwabtansa na gefen dama suka kau da kai, har aka watse ba su yi masa magana ba. Da gari ya waye motoci biyu masu ruwan ɗorawa suka tsaya a titin kamar kullum, ɗaya ta kwashi yaran dama ta yi arewa, ɗaya ta kwashi na hagu ta yi kudu.